Kwalbar da Na Sa a Ƙanƙara

Ƙit, ƙit, ƙit. Ina tankaɗen garin tuwo a tsakar gida bayan la'asar na fara jin sa. Na zaci ɗan tsako ne ya maƙale a bayan buhun gawayi, har na ajiye rariya na je na ɗaga buhun, ban ga komai ba. Sai da na bi ƙarar da kunne har cikin zaure, na ɗaga kai, sannan na ga 'yar jar fitila tana ƙiftawa a jikin akwatin nan da aka kafa mana a bango ko sati biyu ba a yi ba. Mita ce take kuka. Katin wutar da Abbanku ya saka, wanda ya ce in Allah ya yarda zai kai mu ƙarshen wata, ya kusa ƙarewa, ga shi ranar Talata ce, shi kuma ba zai dawo ba sai Juma'a. Na tsaya da gari a hannu ina kallon ta, ba abin da ya faɗo mini a rai sai firiji, da 'yar kwalbar da ke cikinsa.

'Ya'yana, ba don mita na ɗauki biro ba. A Sallar da ta wuce kuna zaune a ɗakina, jikokina suna rabon alewa, sai Nura ya ce su ɓoye kada Yaya Bilkisu ta gani, yanzu ta kwantar da wani a asibiti. Kuka kwashe da dariya. Ita ma ta yi dariya, tana gyara wa 'yarta ɗankwali. Ni kuwa na tashi na ce zan yi alwala, alhali da alwalata. Shekara da shekaru kuna wannan tsokanar, kun taso a kan cewa yayarku ce ta ba Sa'adatu alewa har ta kusa rasa ranta. Ba ita ba ce. Bilkisu. Kun san ban taɓa kiran sunan nan da bakina ba, 'yar fari ce, mu haka muka tarar ana yi. Amma abin da zan faɗa ba zai yiwu da "ke" da "waccan" ba, don haka a takardar nan zan kira ta da sunanta.

A lokacin muna haya a Gumel, a gidan nan mai shuɗiyar ƙofa da ke bayan kasuwar hatsi. Sashe biyu ne, kowane da mitarsa: mu a ciki, Sista Rifkatu a na bakin zaure. Ma'aikaciyar jinya ce 'yar Filato, ta daɗe a garin har Hausarta ta fi ta wasunmu gishiri. Nura da Auwalu kuna makarantar kwana, shi ya sa duk abin da kuka sani ji kuka yi. An mayar da Abbanku koyarwa Sule Tankarkar, ya tafi Litinin da sassafe ya dawo Juma'a da yamma, albashi ɗaya ya koma ɗora tukunya biyu, kuma ba kullum yake zuwa a kan kari ba. A gida daga ni sai Bilkisu mai shekara goma sha biyar, sai auta Sa'a mai tara, wadda aka gano tana da ciwon suga shekara guda kafin nan. Allura biyu a rana, safe da yamma, ni nake yi mata. Abin da na riƙe daga bakin likita tun ranar farko, na zo da shi gida ina maimaitawa kamar karatun allo, shi ne kada zafi ya taɓa ruwan allurar nan, in ya taɓa shi ya mutu.

Akwai kuma maganar Baffanku Lawan na Kano. Shi da Hajiyarsa Allah bai ba su 'ya mace ba, suna da janareto, suna kusa da manyan asibitoci, kuma tun da ciwon ya bayyana sau biyu yana aikowa a ba shi riƙon Sa'a. Ba mugunta ba ce, Allah ya saka masa da alheri, wani lokaci ma shi yake aiko da maganin. Amma na san irin wannan riƙon. Yarinya takan tafi da 'yar jakarta, ba za ka sake samun ta a matsayin taka ba, sai dai wata rana a zo a gaya maka an sa mata rana. Na yi wa Abbanku kuka a kai.

"Abin da zan iya gaya miki ɗaya ne," in ji shi. "Muddin muna riƙe da maganinta yadda ya kamata, tana nan. Ranar da muka gaza, ba ni da bakin yi wa Yaya musu."

Wannan maganar ce ta zauna mini a ƙirji, da ita nake kwana da ita nake tashi. Shi ya sa kukan mita ba ƙarar na'ura ba ce a kunnena. In ta yi ƙit, sai in ji kamar motar Baffa ce ta tsaya a ƙofar gida.

Washegari da aka kawo wuta na je na tsaya a gabanta, na sa Bilkisu a ɗaki. Na riga na lura jar fitilar ba ƙiftawa iri ɗaya take yi ba, wani lokaci a hankali kamar mai gyangyaɗi, wani lokaci da sauri.

"Ke! Kunna fanka!"

"Na kunna, Umma!"

"Kashe. Jona dutsen guga."

"Umma, babu kayan guga fa."

"Na ce ki jona!"

Sai fitilar ta hau ƙifce-ƙifce kamar idon da barkono ya faɗa wa. Ana haka Sista ta fito da fararen kayanta, da kofin shayi a hannu, ta tsaya tana kallo na.

"Maman Sa'a, lafiya? Ko ke da mitar gaisawa kuke yi?"

"Sista, so nake in san wa ke cinye mana wuta a gidan nan."

"To in kin kama ɓarawon ki tambaye shi, ina jin ƙaninsa yana sashena."

Uku na kama ranar: dutsen guga, hitar dafa ruwa, da firiji. Biyun farko ba su ba ni wahala ba. Hita na naɗe ta na tura ƙasan akwati, ruwan wanka ya koma bokiti a rana. Na tono tsohon dutsen guga na gawayi da na zo da shi gidan aure, Bilkisu ta ƙona hijabin makarantarta sau ɗaya kafin hannunta ya faɗa. Na kwance jajayen ƙwayayen lantarkin nan masu zafi, na bar farare biyu kacal a gidan. Talabijin na lulluɓe shi da zane, ba a buɗe shi sai Juma'a. Fanka kuwa ta Sa'a ce, ita ma sai rana ta take. Mu sai dai mu yayyafa wa daɓe ruwa, mu rataya jiƙaƙƙen zane a bakin ƙofa, mu kwana a tsakar gida. Kananzir ma ya yi tashin da risho ya zama abin kallo, don haka na koma kurfoti. Wake sai na jiƙa shi tun jiya. In tukunya ta tafasa sosai sai in sauke, in naɗe ta da tsohon bargo, in cusa a kwando, ta ƙarasa dahuwa da zafin kanta, garwashin kuma in binne shi da ƙasa don gobe. Ranar da Abbanku ya fara ganin tukunya cikin bargo ya tsaya a kanta da jakarsa a kafaɗa.

"Sannu," ya ce wa tukunyar. "Zazzaɓi ne? An ba ki magani kuwa?"

Muka yi dariya har da Sa'a. Ina faɗa muku wannan ne don kada ku zaci shekarar duk kuka ce.

Firijin ne ya gagare ni. Tsoho ne, na hannu, daga Maigatari aka sayo shi shekarar da aka haifi Nura. Robar ƙofarsa ta saki har sai mun ɗaure shi da igiyar roba, kuma in dai da wuta ba ya numfasawa, gurnani yake yi ba tsayawa. Ga shi a ɗakin da bangonsa ke kallon yamma, ba silin, kwano kawai, da la'asar ko hannu ba ka iya ɗorawa a bangon. Na roƙi Abbanku ya nemi mai gidan ya bari mu fasa 'yar taga ko mu sa silin da kanmu. Ya dawo da amsa a taƙaice: Alhaji ya ce ko ƙusa ba ya so a buga masa, in gidan ya yi mana zafi akwai masu jira. Haka bazara ta shigo ta same mu. Duk abin da na rage, mitar ba ta daina kuka ba, jinkirtawa kawai take yi.

Sai na yi dabarar da na ɗauka ta fi kowace. In an kawo wuta da safe, in murɗa firijin zuwa ƙarshen sanyinsa, in bar shi awa uku ko huɗu har robobin ruwa biyu da na sa a gidan ƙanƙara na sama su daskare, sannan in zare soket. Kwalbar allurar da take zaune a jikin ƙofa, na ɗauke ta na mayar da ita can sama, na kwantar da ita tsakanin robobin biyu. Na ce a raina, nan dai ko an wuni ba wuta zafi ba zai kai gare ta ba. Ban shawarci kowa ba. Bilkisu ce take ɗauko ta safe da yamma, ta murza ta a tafin hannu yadda aka koya mana, ta miƙo mini da sirinji; na nuna mata sabon wurin, ta ce to. Katin nan kuwa ya yi auki irin wanda bai taɓa yi ba. Abbanku ya duba mitar wata Juma'a ya ce da gwamnati ta san da ni da ta ba ni riƙon wutar jihar gaba ɗaya. Wallahi har cikin raina na ji daɗi.

Ba a yi sati biyu ba Sa'a ta fara shan ruwa. Ba shan bazara ba, sha irin na wanda ya dawo daga daji. Ta sha, ta je banɗaki, ta dawo ta tsaya a bakin randa. Wata safiya na tarar ta shanya tabarmarta a bayan ɗaki don kada in gani, yarinyar da ta daina fitsarin kwance tun tana shekara uku. Tsinken gwajin suga saura kaɗan, ina ta lallaɓa shi, da na gwada na ga lambar ta haura inda ban saba gani ba. Na ce zafi ne. Kashegari na ce tuwo ne, na rage mata, ta yi kuka na yi kuka. Na tofa mata addu'a a ruwa, na ƙara kula da lokacin allura har minti ba na bari ya wuce. Komai na zarga ban da kwalbar, don duk sanda na taɓa ta sai in ji ta da sanyi ƙarara, hankalina ya kwanta.

Ranar Alhamis bayan sallar asuba ta fara amai. Kafin rana ta fito idanunta sun faɗa, tana wani irin numfashi mai zurfi kamar wadda ta yi gudu, bakinta yana warin ruɓaɓɓen mangwaro. Na kira sunanta ta kalle ni kamar ba ta san ni ba. Bilkisu ta ruga ta bubbuga ƙofar Sista. Sista ta sunkuya ta shinshina bakin yarinyar, ba ta yi mini tambaya ko ɗaya ba.

"Ɗauko hijabinki. Bilkisu, tare mana adaidaita. Da gudu!"

Abin da ya biyo baya ba na son tsawaita shi. Ƙarin ruwa a hannu biyu, kwana biyu ba ta san wanda ke kanta ba. Abbanku ya iso kafin azahar, ƙura har gira. Likita ya tambaya ko an tsallake allura, na rantse ba a tsallake ba. Ya tambaya ko ta ci wani abu mai zaƙi, na ce ban sani ba. Da yamma Abbanku ya koma gida neman tsohon katin asibitinta, yana bincike ya zazzage jakar makarantar Bilkisu, sai ga ƙullin alewar madara a leda. Ya zo da ita har barandar asibiti, inda Bilkisu ke zaune da kwanon abinci a cinya.

"Wannan ta wace ce?"

"Tawa ce, Abba."

"Kin taɓa ba ta?"

Kun san yayarku ba ta iya ƙarya ba, ko ta ceton kai.

"Sau ɗaya ne. Ta gan ni ina sha ta yi ta kuka, na gutsura mata kamar ƙwayar dawa. An fi sati uku, Abba."

"Kamar ƙwayar dawa," ya ce, a hankali. "To tashi ki leƙa ki ga ƙwayar dawarki."

Bai dake ta ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce ta koma gida kada ya sake ganin ƙafarta a asibitin. Ni ma a ranar na yarda ita ce, na bi ta da harara har ta fita daga ƙofa. Wannan ma ina neman gafarar Allah a kansa, amma ba shi ne babban ba.

Ranar Asabar Sa'a ta buɗe ido ta nemi ruwa da sunansa. Na bar Abbanku a wurinta na je gida in yi wanka. Ina shiga Sista ta biyo ni ɗaki, ta ce in nuna mata kwalbar da nake yi wa yarinyar allura da ita. Na kwance igiyar firijin, na miƙa hannu sama, na zaro ta daga tsakanin robobin. Tun kafin ta karɓa na ga fuskarta ta sauya.

"A nan kike ajiye ta?"

"Eh, don kada zafi..."

"Tun yaushe?"

Na faɗa mata. Ta ɗaga kwalbar saitin hasken ƙofa, ta juya ta a hankali, ta ce in matso. Wani farin ɓurɓushi ne ya manne a jikin gilashin daga ciki, kamar tsakin gero, ko an girgiza ba ya narkewa.

"Maman Sa'a, wannan ta daskare ta narke, ta daskare ta narke, ban san sau nawa ba. Ruwan banza kike ta yi wa yarinyar nan. Ba alewa ba ce."

"Sista, ai zafi aka ce."

"Zafi da ƙanƙara duk kashe ta suke yi. Ga shi nan a rubuce."

Ta zaro 'yar takardar nan da ke naɗe cikin kwalin, ta ɗora yatsa a kan layin. Na karanta da idona. Ni da na gama sakandare, ni da nake karanta wa maƙwabta takardun asibitinsu, shekara guda takardar nan tana gidana ban taɓa warware ta ba. Na zauna a daɓe.

"Me ya hana ki kawo ta firijina? Taku nawa ne tsakaninmu?"

"Na ji nauyi ne. Ke ma katin kike saya."

"Nauyin me? Ni da nake aron turminki kullum, kin taɓa ganin na ji nauyi?" Ta share idonta da bayan hannu. "Likita zan gaya masa, don ya san abin da yake magani. Malam kuwa ba ni zan gaya masa ba. Wannan naki ne."

Na yi niyyar faɗa, Allah shi ne shaidata. Na koma asibiti da maganar a bakina, na tarar Abbanku ya yi barci a zaune, na ce sai gobe. Gobe kuwa, Lahadi, sai ga Baffa Lawan da Hajiyarsa daga Kano. Suka duba Sa'a, aka fito baranda, aka shimfiɗa tabarma. Na durƙusa daga gefe na gaishe su. Baffa bai yi kwana-kwana ba, ya ce da an sallame ta zai turo mota, tunda abin da yake gudu ya faru.

"Yaya, ba daga maganin ba ne," in ji Abbanku. "Maganin yana nan a adane, uwarta ba ta wasa da shi ko kaɗan. Sakarcin yarinya ne, babbar ce ta ba ta alewa, kuma zan yi maganin abin."

Baffa ya juyo ya dube ni.

"Haka ne, Hajara?"

Kalma ɗaya ake nema a wurina. Na ga Sa'a a bayan mota da jakarta a cinya, na ga wata tana yi mata allura ba tare da ta san sai an fara hura mata wurin ba. Na sunkuyar da kai, na kama bakin hijabina ina murzawa. Ban ce eh ba, ban ce a'a ba.

"Haba Alhaji," in ji Hajiya, "ya za ka tambaye ta a kan 'yar fari? Ai ba za ta yi magana ba. Kunya ce."

Baffa ya gyaɗa kai, ya ce haka ne, Allah ya yi mini albarka, irinmu sun yi ƙaranci yanzu. Ya ce tunda haka ne a bar yarinyar a hannun uwarta tukuna. Kun ji yadda aka yi. Aka ɗauki tsorona aka sa masa sunan kunya, har aka shi mini albarka a kai, ni kuma na karɓa na ce amin.

Litinin da likita ya zo ya yi mini bayanin kwalbar, Abbanku ya riga ya koma wurin aiki, don ko a hutu yana koyar da masu shirin jarrabawa. Kafin ya tafi ya yanke hukunci: an shiga hutu, Bilkisu ta tafi Gagarawa wurin Gwaggo Hansai, yayarsa, ta zauna har sai ya neme ta. Da kanta ta haɗa kayanta a jakar bakko. Na je gida ɗaukar abinci na same ta a zaure tana jiran wanda zai raka ta tasha.

"Umma, na tafi."

"Allah ya kiyaye hanya."

Iyakar abin da na ce ke nan, ina kallon bango. Duk wanda ya gan ni zai ce uwa ce mai kawaici.

Aka sallami Sa'a, ta dawo gida tana tambayar ina Yaya. Ta ce ai ita ta roƙi alewar, kuma tuntuni ne, ba wanda ya saurare ta. Sabuwar kwalba ta koma firijin Sista, namu na zare shi ban sake jonawa ba. Mitar ta yi shiru, ni kuma barci ya ƙaurace mini. In na yi sujada sai in rasa abin da zan roƙa, don na san wadda ya kamata in fara roƙa tana Gagarawa tana jan ruwa a rijiya. Sista ta daina yi mini wasa. Duk Juma'a in ta ga Abbanku ya shigo, sai ta dube ni, in kawar da kai.

Da hutun Sista na shekara ya matso za ta tafi gida, ita ce ta kawo maganar tukwane. Ta ce ta ga masu irin ciwon nan a ƙauyukan da ko turken wuta babu: ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a riƙa jiƙa shi safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara a inuwa inda iska ke bi. Kwalbar da ake amfani da ita takan zauna lafiya a ciki har ta ƙare, ba zafi ba ƙanƙara. Tukwanen nan kun san su, su ne a lungun ɗakina har Sa'a ta gama sakandare, firijin kuma ya zama wurin ajiye kwanuka. Abin da na kusa kashe 'yata a kansa, ashe tukunya biyu da yashi sun isar. Na ce wa Abbanku zan je Gagarawa, maƙwabciyar Gwaggo maginiya ce.

"Tukunya ce babu a kasuwar Gumel?" ya ce. Amma ya bar ni na tafi.

Shi Abbanku sai a shekarar da ya yi ritaya na gaya masa gaskiya. Washegari ya shirya ya tafi gidan Bilkisu shi kaɗai. Abin da suka faɗa wa juna ban sani ba, har ya koma ga Allah bai ƙara tayar da zancen ba, ku kuma ba wanda ya gaya muku. Laifin jinkirin nawa ne. Amma ina so ku san abin da ya faru a Gagarawa, don ku san wace ce kuke yi wa dariya.

Na sauka a Gagarawa Tasha da hantsi, na ƙarasa a ƙafa. Ina zaune muna gaisawa da Gwaggo sai ga Bilkisu ta shigo da tulu a ka. Ta yi baƙi, ta rame, ƙafafunta duk faso. Ta sauke, ta durƙusa ta gaishe ni kamar jiya muka rabu. Gwaggo ta dube ni ta dube ta.

"Tukunya kika zo dubawa, ko abin da ba a faɗa?" ta ce. "To tukwane ga su can. Yashi kuwa ba na aiken kowa, ku ɗauki buhu ku biyu ku gangara kwari ku ɗebo mai laushi."

Muka gangara, tana gaba ina biye. Ba kowa a kwarin sai awaki. Ta riƙe bakin buhu, ina zubawa da ƙoƙo. Ban iya kallon fuskarta ba, yashin na yi wa magana.

"Ke. Maganar alewar nan. Ba ke ba ce. Ni ce na sa maganin a ƙanƙara ya lalace, don in rage cin wuta. Na sani tun kina gida, na yi shiru. Ki yafe mini don Allah. Juma'ar nan zan gaya wa Abbanku, ki dawo ɗakinki."

Ta karɓi ƙoƙon daga hannuna, ta ci gaba da zubawa.

"Na sani, Umma. Ranar da Sista take nuna miki kwalbar ina bayan ƙyaure, na zo ɗaukar bokiti."

"Kin sani? Kin sani kika haɗa kayanki kika taho?"

Sai a sannan ta ɗago ta dube ni.

"In kika faɗa, Baffa zai tafi da Sa'a, kuma ba za ta dawo ba. Ni Gagarawa ce kawai, ana komawa makaranta Abba zai huce. Kada ki gaya masa, Umma. Ki bar shi a kaina, ni lafiyata ƙalau."